Rawar da ake yi da na'ura da mutum-mutumi: jikin ɗan Adam suke nema ko so suke su maye gurbinsa?

YarZazzau:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni amma sai kun yi haƙuri na ɗan ba da labari tukun kafin a gane inda na dosa.

Ina karatun digiri na biyu ne a Ingila ɓangaren haɗa katun da gem na kwamfuta, to wannan zangon sai aka shiga da mu wani ɗaki da ake ɗaukar motsin jiki a ciki. Ɗaki ne babba ba taga ko ɗaya, an zagaye saman bangon da kyamarori, ƙasan kuma an shimfiɗa baƙar roba. Aka kawo wata mai rawa, irin rawar nan ta zamani da ake yi a dandamali mutane su sayi tikiti su zauna tsit suna kallo, ba wai rawar gala ko ta TikTok nake nufi ba. Ta saka wasu baƙaƙen kaya aka bi gaɓoɓinta ana manna mata 'yan ƙwallaye masu sheƙi kamar girman gurjiya, a kafaɗa da gwiwar hannu da ƙugu da gwiwa da idon sawu har da goshi, sannan ta tsaya ta ware hannuwa na ɗan lokaci sai da kwamfutar ta gane ta.

Ni aka zaunar a gaban allo. A allon nan ba fuska ba fata ba tufafi, ɗigo-ɗigo ne kawai farare cikin baƙi, amma wlh tana fara motsawa sai ga mutum sak. Tana da wata ɗabi'a, duk sanda za ta juya sai ta ɗan sauke kafaɗar hagu tukun, kuma ɗigon nan bai ɓoye ba. Ina kallon allo ina jin hakinta a bayana, can gumi ya sa ƙwallo ɗaya na gadon bayanta ya ɓalle ya gangara ƙasa sai kawai ƙashin bayan dake kan allo ya karye gida biyu, aka tsaya aka goge wajen aka sake mannawa.

Bayan awa biyu ta canza kaya ta rataya jakarta ta tafi hawa bas. Washegari aka ce kowa ya ɗora motsin a kan halittar da ya ga dama, wani ya ɗora a kan mutum-mutumin ƙarfe wani a kan dodo mai ƙaho, ni na ɗora a kan wata tsohuwa da na zana, kuma dukkansu kafin su juya sai sun sauke kafaɗar hagu. Tun ranar abin ya tsaya min a rai. Na shiga bincike sai na ga ashe su kansu masu tsara rawa a Turai da Amurka da Asiya sun daɗe suna wannan harka, wasu suna rawa da injin masana'anta, wasu da hasken majigi, wasu yanzu har da AI, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta. To me suke so su nuna mana ne? Cewa suke jikin mutum ya kusa tashi daga aiki, ko akasin haka? Kuma wannan kafaɗar da take sauka a cikin kwamfutata, ta wace ce yanzu?

Injiniya_DanFagge:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni ban san komai a kan rawa ba amma inji sana'ata ce, shekara shida kenan ina aiki a wata masana'antar kayan mota a Jamus, to bari na faɗi ɓangaren da na sani.

Ki nemi bidiyon wani ɗan Taiwan sunansa Huang Yi, yana rawa da hannun inji na kamfanin KUKA, ya ma yi a babban taron jawabai na TED na 2017 wani yana goga musu babban goge a gefe. Irin wannan hannun mai ruwan lemo shi muke da shi a layinmu yana walda yana ɗaga ƙarfe, kamfanin a Augsburg yake, gaɓoɓi shida gare shi kuma in kin nuna masa waje ɗaya zai dawo wajen sau dubu bai kauce da ko kaurin gashi ba. A wajenmu cikin keji yake, an zagaye shi da shingen waya, kina buɗe ƙofar shingen zai tsaya cak don ba shi da ido ba shi da tausayi, in hanyarsa ta bi ta kanki to ta kanki zai bi. Shi ya sa ranar da na fara ganin mutumin nan ya miƙa hannu a hankali injin ya sunkuyo kamar yana shinshinarsa, gabana ne ya faɗi, idona yana neman inda jan maɓallin tsayarwa yake.

Amma ga gaskiyar da nake so ki riƙe. Injin nan bai yi rawa ba. Duk wannan ɗan jinkirin da yake yi kamar mai jin kunya, duk karkata kan nan, Huang Yi ne da kansa ya zauna ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma ni na san wahalar abin, don ka sa hannun nan ya yi lanƙwasa mai taushi na daƙiƙa goma kawai sai ka wuni riƙe da akwatin sarrafawa kana matsar da shi kaɗan-kaɗan kana adanawa. Shi ya ce tun yana yaro yake burin ya samu mutum-mutumi ya zama abokinsa, to abin da kike gani a dandamalin mutum ne yake rawa da abin da ya zuba na kansa a cikin ƙarfe. Kuma nauyin duk a kansa yake, don injin ba zai jira shi ba, in ya makara da rabin daƙiƙa shi zai ji a jikinsa.

Haka wanda aka yi a Sin a bikin sabuwar shekararsu na 2025, mutum-mutumi 16 na kamfanin Unitree suna rawar gargajiyarsu suna wulwula hankici tare da mata masu rawa, duniya ta ɗauka ana ta yaɗawa. Aikin injiniya ne mai kyau ba ƙarya, tsayuwa a ƙafa biyu ma kaɗai ba wasa ba ce, sai dai rawar ai ta manoman ƙasar ce tun kaka da kakanni, daga jikin mutane aka kwaso ta.

DanMaradi_Lyon:

Salamu alaikum. Ƙanwata tambayarki ta yi daɗi ƙwarai. Ni nan Faransa nike zaune kuma na taɓa shiga kallon irin wanga wasa da idona, ɗiyata ce anka ba su tikiti a lakwal munka tahi tare. Sunan wasan Pixel, wani Mourad Merzouki ya tsara shi a 2014, haihwar nan Lyon ne amma iyayensa 'yan Aljeriya, tun yana yaro rawar titi yake yi, ƙungiyarsa ma Käfig sunanta wato keji da Jamusanci. Ya haɗa kai da wasu mutum biyu masu aikin hoto da kwamfuta, Adrien Mondot da Claire Bardainne.

Abin da sunka yi, sun rataya wani labule shara-shara awa gidan sauro, majigi na zuba ɗigon haske bisa labulen da bisa ƙasa, dubbai. Mai rawa ya kaɗa hannu sai ɗigon su watse awa an jefa dutse cikin garken tsuntsaye, wani lokaci ƙasar ta zama rami sai ka ga mutum na tsallakewa alhali ba komi wurin sai katako, wani ya shigo da lema haske na zuba kanta awa ruwan sama. Ɗiyata ta kama hannuna tam lokacin da ƙasar ta fara gudu ƙarƙashin ƙafafunsu, ta ɗauka faɗuwa za su yi.

To amma abu guda na lura. Akwai wurin da hasken ya yi yawa har na manta akwai mutane, idona na bin ɗigo kawai, kuma wanga shi ne haɗarin abin a ganina, na'ura na iya haɗiye mai rawa. Sai da wata yarinya ta fito mai lanƙwasa jiki awa ba ƙashi, ta naɗe kanta ta baya har kanta ya leƙo tsakanin ƙafafunta, nan ɗakin ya yi tsit har kana jin numfashin na kusa da kai, don kowa na da gadon baya kowa ya san abin da ta yi da ciwo. Ɗigon haske ko ya yi mi ba ka jin shi a bayanka. Ni dai da munka fito abin da na riƙe kenan.

Abu_Sumayya:

Ni gsky bana kallon irin waɗannan wasannin kuma ba zan ɓoye dalili ba, shigar da ake yi da cuɗanyar maza da mata ba ta dace da ni ba, ko da na'ura ko ba na'ura. Amma tambayar da 'yar uwa ta yi ta wuce rawa shi ya sa na sa baki.

Akwai wani ɗan Ostireliya da ake kira Stelarc, shi shekara da shekaru yana cewa jikin ɗan Adam ya tsufa ya zama tsohon yayi. Ya taɓa ɗaura wa kansa hannu na uku na ƙarfe, ya taɓa jona jikinsa da waya ta yadda saƙon intanet ne yake fizgar tsokarsa yana motsi ba da son ransa ba, daga baya har aka yi masa tiyata aka dasa masa siffar kunne a damtsen hannunsa na hagu. Wannan tunanin shi nake jin tsoro, don yau a dandamali ake gwada shi gobe yaranmu ne za su tashi suna ganin jikinsu kamar tsohuwar waya da ya kamata a canza. Mu kuwa an gaya mana an halicci mutum a mafi kyawun tsayuwa, kuma a Suratu Yasin an ce ranar ƙiyama za a rufe bakuna hannaye su yi magana ƙafafu su ba da shaida. Jikin da zai ba da shaida amana ne, ba kayan gwaji ba ne. Don haka 'yar uwa ki yi karatunki Allah ya ba da sa'a, amma ki riƙa tace abin da kike ɗauka.

Anti_Fisiyo:

Malam Abu Sumayya na ji maganarka kuma a kan Stelarc ina tare da kai, lafiyayyen mutum ya je a yanka shi don nuni ni ma ban ga dalili ba. Amma don Allah kar mu haɗa su duka a kwando ɗaya, don ni kullum da jikin da ƙarfe da roba suka shiga nake wuni.

Shekarata goma sha huɗu ina aikin gashi da koya wa marasa lafiya tafiya. Akwai wani bawan Allah direban Keke da aka yanke wa ƙafar dama ƙasan gwiwa bayan hatsari, ranar da aka kawo ƙafar robarsa muka saka masa ya tsaya tsakanin ƙarafan dafawa, hannunsa na rawa gumi na zuba, ya yi taku uku ya tsaya. Na zaci zai tambaye ni yaushe zai koma tuƙi, sai ya ce min Anti yanzu da wannan zan iya zaman tahiya? Idon sawun robar ba ya lanƙwasa irin wannan lanƙwasar. Sai da muka yi sati uku muna gwadawa a kan tabarma, yadda zai sauka sujada da yadda zai zame ƙafar gefe da yadda zai dafa ya miƙe, har ya samo hanyarsa shi da kansa wadda ni ban koya masa ba. To in ba tsara motsi ba mene ne wannan? Jikinsa bai tashi daga aiki ba, sabon karatu ya yi.

Shi ya sa labarin Adrianne Haslet yake taɓa ni. Sana'arta rawa ce, bom ɗin da aka tayar a gasar gudu ta Boston a 2013 ya cire mata ƙafar hagu, sai wani farfesa a jami'ar MIT, Hugh Herr, wanda shi ma ƙafafunsa biyu na roba ne tun da sanyin dutse ya cinye su yana matashi, shi da mutanensa suka zauna suka nazarci yadda idon sawun mai rawa yake aiki suka haɗa mata ƙafa mai inji a ciki, a 2014 ta hau dandamali ta yi rawa ta sauko tana kuka. A Landan kuma akwai ƙungiyar Candoco tun 1991, masu keken guragu da masu sanda da masu ƙafa biyu duk tare suke rawa, keken ma ya zama wani ɓangare na rawar.

Ke kuma ƙanwata 'YarZazzau, abin da kika gani a allo sananne ne a fanninmu. Wani masani ɗan Suwidin, Gunnar Johansson, tun 1973 ya manna wa mutane 'yan fitilu a gaɓoɓi ya ɗauke su a duhu, in suna tsaye ba ka ganin komai sai ɗigo, suna fara tafiya kowa zai ce ga mutum, daga baya wasu suka gwada suka ga har abokinka kana iya ganewa a haka. Mu ma ai mun sani, da daddare ba wuta ki hango mutum daga bakin layi ki ce ga Yaya nan tafe tun ba ki ga fuskarsa ba. Tafiyar mutum kamar zanen yatsansa ce, don haka tambayarki ta biyu ba ƙarama ba ce.

MalaminAdabi:

Madalla da wannan zance. Bari na ɗan ƙara tarihi, don abin ya girmi AI nesa ba kusa ba.

Wanda ya kamata ki fara nema shi ne Merce Cunningham na Amurka, an haife shi 1919 ya rasu 2009. Tun 1965 ya yi wani wasa da abokin aikinsa John Cage inda aka kafa eriya da na'urorin gane haske a dandamali, mai rawa in ya gitta sai sauti ya tashi, wato jiki ne yake kaɗa kiɗan. Da ya kai wajen shekara saba'in amosanin gaɓɓai ya kama shi ba ya iya nuna wa yaransa motsi da jikinsa kamar da, sai ya koma kan wata manhaja da aka haɗa a jami'ar Simon Fraser ta Kanada mai suna LifeForms, yana lanƙwasa ɗan mutum a kwamfuta, ya sa ƙafa ta yi abu ɗaya hannu ya yi wani kai ya yi wani daban, sannan ya kawo wa masu rawa ya ce ku gwada. Da yawa abin kamar ba zai yiwu ba, amma sai jiki ya nemo hanya. A 1999 ya fitar da BIPED, wato mai ƙafa biyu, tare da Paul Kaiser da Shelley Eshkar, irin ɗaukar motsin da kika gani ce sak, suka mayar da ɗigon wasu dogayen siffofi kamar zanen alli suna yawo a labule shara-shara a gaban masu rawa na gaske. Dattijo ɗan shekara tamanin da ƙafarsa ta gaza shi ne ya yi wannan, ki duba ki gani ko mai neman kawar da jiki ne.

A inda kike kuma akwai Wayne McGregor, wanda yake tsara wa babbar ƙungiyar rawa ta Royal Ballet da ke Landan rawa tun 2006. A 2017 ya ba da aka karanta ƙwayoyin halittarsa gaba ɗaya, ya tsara wasa mai kashi 23 daidai da adadin tagwayen kuromozom na ɗan Adam, kowane dare kwamfuta ce take zaɓar waɗanda za a yi da yadda za su jeru, farko da ƙarshe ne kawai ba sa canzawa. A 2019 kuma shi da Google suka ɗura wa AI bidiyon ayyukansa na shekara 25, mai rawa ya yi motsi a gaban kyamara ita kuma ta kawo shawarar abin da zai iya biyo baya. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza, wannan ba abin tsoro ba ne a wajena, don har yanzu mutum ne yake cewa wannan ya yi wannan bai yi ba.

Inda nake da damuwa shi ne tambayarki ta biyu, don can ne ake kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. McGregor taskarsa ce ya bayar da hannunsa kuma sunansa na kai. Amma a 2018 wasu baƙaƙen fata a Amurka, ciki har da Alfonso Ribeiro da mawaƙi 2 Milly, sun kai kamfanin Epic Games ƙara cewa an kwashi salon rawarsu ana sayarwa a gem ɗin Fortnite ba sunansu ba sisinsu, ƙarar ba ta je ko'ina ba, ofishin haƙƙin mallaka ma ya ƙi yi wa ta Ribeiro rajista wai 'yan taku ne kawai ba su kai tsararriyar rawa ba. Sai a 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da ƙarar wani mai tsara rawa Kyle Hanagami bayan an kore ta a ƙasa. Ga yarinyar nan Jalaiah Harmon 'yar shekara 14 a Atlanta da ta ƙirƙiri rawar da ta cika TikTok a ƙarshen 2019, wasu suka yi suna da kuɗi da ita wata da watanni kafin a san ita ce mai abin. A 2024 masu yi wa gem murya da motsi a Amurka har yajin aiki suka shiga kusan shekara guda a kan kar a kwafi jikinsu da AI ba izini.

A nan gida ma akwai mai tunanin abin, Qudus Onikeku na Legas, mai cibiyar QDance, wanda yana cikin waɗanda suka wakilci Najeriya a baje kolin fasaha na Venice a 2017. Yana da wani bincike da ya sa wa suna Atunda, so yake a koya wa kwamfuta gane salon rawa don a adana kuma a san daga inda kowane taku ya fito in ya bazu a duniya. Ko zai yi nasara ko ba zai yi ba, ya dai gano inda ciwon yake.

Injiniya_DanFagge:

Malam wannan na Cunningham ban taɓa ji ba wlh, na gode. Abin da ya burge ni shi ne kwamfutar ba ta san gwiwa tana ciwo ba shi ya sa take kawo abin da mutum ba zai taɓa tunani ba, mu ma a wajen aiki haka ne, manhaja ta zana maka hanya mai kyau a allo ka je kan injin ka tarar waya ta naɗe.

Baba_MaiSarewa:

Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya karanta min zancenku kuma shi yake rubuta min wannan, na ce sai na sa baki don rawa ita na yi da ƙuruciyata. Na yi koroso a Kano shekaru masu yawa, mun je garuruwa mun yi a gaban manya.

Yarinya, waɗannan ƙwallaye da kika ce an manna wa baturiyar nan, sai suka tuna min da kacau-kacau da muke ɗaurawa a ƙafa. Amfaninsu kenan, duk abin da ƙafarka ta yi sai an ji, ba ka isa ka ɓoye kuskure ba, maigidanmu ko ya juya baya in ka saɓa taku zai kira sunanka don kowa da yadda tasa take kaɗawa. Kuma mai ganga da mai sarewa ƙafarmu suke kallo, in sun ga ka gaji su sassauta in sun ga jininka ya hau su ƙara wuta, ba a taɓa yin rawa ɗaya sau biyu iri ɗaya ba.

Koroso bibbiyu ake yi. Abokin rawata mun yi shekara goma sha ɗaya tare, akwai wani salo da muke yi ni da shi, ya ɗora ƙafarsa a cinyata ya kwanta ta baya har kansa ya kusa taɓa ƙasa ni kuma ina juyawa da shi kacau-kacau ba ta daina ba, ba mai gaya wa wani yanzu, nauyinsa kawai nake ji na san lokaci ya yi. Allah ya yi masa rasuwa, ni kuma gwiwa ta ƙi, yanzu sallah ma a kujera nake yi. Yaran yanzu suna koroso kuma suna ƙoƙari amma wannan salon ban ga mai yin sa yadda muke yi ba, na gwada kwatanta musu da baki abin bai shiga ba, don ba a baki yake ba. Hoto biyu gare ni kawai, su ma a tsaye muke.

To ni da a ce wannan na'urar taku tana nan a lokacin, wallahi da na yarda an manna mana, ko don jikokinsa su ga yadda kakansu yake karya jiki. Sharaɗina ɗaya ne, a rubuta sunansa a kai, a ce wane ɗan wane ne daga unguwa kaza, kar a ɗora wa dodo. Malam Abu Sumayya ya yi gaskiya jiki amana ne, to abin da jiki ya koya ma amana ne. Allah ya yi muku albarka.

YarZazzau:

Amin Baba, Allah ya jiƙan abokinka ya ƙara maka lafiya, wlh sai da na yi hawaye. Na gode muku duka, Yaya Injiniya na kalli Huang Yi jiya har sau uku, na ukun ina kallon ƙafafunsa kawai yadda yake lissafa inda zai tsaya.

Yau na koma ɗakin na tambayi mai kula da shi wace takarda matar nan ta sa wa hannu. Ya ce kuɗin wuni ɗaya aka biya ta kuma takardar ta ce za a yi amfani da motsin wajen koyarwa, amma fayil ɗin yana cikin kwamfutar ɗalibai sama da ashirin kowa ya kwafa ya tafi da shi gida, sunansa ma lamba ce kawai da kwanan wata, ba sunanta a ko'ina. Nawa dai na canza masa suna na saka nata, kuma na roƙa a ba ni imel ɗinta don na tura mata tsohuwar da na zana ta gani, in ta ce ba ta so zan cire.

Baba yanzu akwai manhajar da take iya ciro motsi daga bidiyon waya ba sai an manna ƙwallaye ba, ba ta kai ta ɗakin kyau ba kuma tana rikicewa in mutum biyu suka sarƙe da juna, wanda kuma shi ne koroso, amma in aka kafa waya uku ko huɗu ta kusurwa daban-daban ana samun abin kirki. In Allah ya kai mu hutun Disamba zan zo gida, daga Zariya zuwa Kano ba nisa. Cikin yaran da kake cewa suna ƙoƙari akwai biyu da za su yarda ka zauna a kujera kana gyara musu har su kusanto salon nan? Kuma wajen da kuke atisaye ƙasa ce ko siminti, don in da ƙura sosai sai na nemo abin rufe wayoyin.